Takalmin Hagu na Madam Hamsatu

Ku yaran yanzu da ke zama bakin tasha da kwalbar gam da burushi, kuna cewa dukanci ba wani abu ba ne, a shafa, a manna, a danne, to ku matso ku ji. Ni ne Alu baduku. Nan Filinge aka binne cibiyata, nan kuma na tsufa cikin rumfa ɗaya, gefen hanyar da ta bi ta bayan kasuwa ta nufi lakwal, wato makarantar boko. Ban taɓa kwana uku a wani gari ba. Yamai sau biyu na je, duka biyun da ciwon kai na dawo. Amma ƙafafun ƙasarmu ta Kurfai kaf sun zo sun tarar da ni inda nake zaune, to me zan je nema?

Wurin Kawu Gado, ƙanen uwata, na koyi aiki. Shekara biyu bai bar ni na taɓa basilla ba. Aikina in jiƙa ƙirgi, in murza zare da kakin zuma, in wasa wuƙa a dutse har ta aske gashin hannu. Gaban rumfarsa kuwa ya zuba tsakuwa, tsawon taku goma, kuma ba don ado ba. Duk wanda ya zo awon takalmi sai ya taka tsakuwar nan, ya je ya dawo, Kawu yana zaune ido rufe. Ni ma haka yake sa ni.

“Rufe idonka. Wa ke tafe?”

“Mahaucin nan ne, Ɗan-Jimma.”

Sai in ji ranƙwashi. “Ɗan-Jimma shina da nauyi haka? Mai ruwa ne, ga garwa biyu a kafaɗa tai. Ido ana yi mishi ado, yaro. Mutum in ya san ana kallonsa sai ya gyara tafiya. Kunne ne ba a yi wa kwalliya.”

Abu na biyu da ya koya mini, kowa ya miƙo takalmi, a kifa shi tun kafin a gama gaisuwa. Ƙasan takalmi ba ya ɓoye komai. Manomi gefen waje yake cinyewa, mai keken ɗinki tsakiya, mai bin shanu kuwa dunduniya yake sharewa kamar an goge da dutse. Dokar Kawu ɗaya ce, kuma da ita na ci abinci shekaru masu yawa: inda ya ci, nan ake ƙarawa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Wata safiya bayan girbi, lokacin da aka buɗe lakwal, wata mata doguwa ta tsaya bakin rumfata da takalmin kanti a hannu, dunduniyarsa ta fita. Ba ta dubi takalman da na rataye ba, fuskata ta duba. Kakana daga Gobir ya zo, tsagen gidanmu yana nan a kumatuna.

“Fofo, bawana,” ta ce, da gaisuwar Zabarmawa. “Kaji ne suka yi maka tono a fuska haka?”

Nan take na gane da wa nake, don tsakanin Bagobiri da Bazabarme sai wasa. Na ce, “Yau mun shiga uku. Gwamnati ta rasa wanda za ta turo muna sai Bazabarma? Wa zai koya wa wani magana, ke ko yaran?”

Ta yi dariya har ta dafa gungumen rumfa. Sunanta Madam Hamsatu, sabuwar malamar lakwal, an ba ta ajin farko. Na ce ta taka tsakuwa. Ta ce ita ba jaka ba ce da za a gwada a kasuwa, amma ta taka. Na rufe ido. Tafiyarta kamar luguden mata biyu da suka saba da juna, kas, kas, kas, kas, babu wadda ta riga wata. Na ce mata takalmin kanti ba zai yi wata biyu a jar ƙasarmu ba, na zana ƙafarta a kwali, na ɗinka mata faɗe na jan ƙirgi mai maɗauri a baya.

Daga ranar nan na samu agogo. Kowace safiya ina cikin shimfiɗa kayan aiki sai in ji luguden nan ya taso daga kwanar masallaci. Ba na ɗaga kai. In ce, “Uwar gayya, an tashi?” Ta ce, “Yi aikinka, bawa.” Ta wuce. Ta gaya mini ta roƙi shugaban lakwal ya bar ta da yaran nan tun daga ajin farko har na shida, har ta kai su jarrabawar ƙarshe da hannunta. Yawancinsu ɗiyan manoma ne, iyayensu na jiran dalili kaɗan su mai da su gona ko gindin turmi. Ta ce in aka sauya musu hannu a tsakiya, rabinsu za su zube.

A bazarar shekara ta uku luguden ya ɓaci. Kas, shuu. Kas, shuu. Na ɗauka wata ce daban, na ɗaga kai, sai ga ta. Bayan kwanaki ta kawo faɗen gyara. Na kifa. Na dama kamar jiya na ɗinka shi. Na hagu kuwa bakinsa, can wajen yatsu, ya cinye kamar ɓera ya kwana yana gaigaya.

“Madam, mi ya sami ƙafar hagu?”

“Gajiya ce. Wannan zafin naku na Kurfai ko jaki ya ji shi sai ya ja ƙafa.”

Amma da ta zauna ta sha ruwa sai ta ƙara da cewa ƙafar tana yi mata kamar ta sa safa cike da rairayi. Bara ma, in ji ta, idonta ɗaya ya yi hazo kusan mako biyu, ya washe da kansa. Mutanen unguwa kuwa sun riga sun yanke hukunci. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ta taka wurin da ba a takawa. Masu baƙin baki suka ce lalaci ne, wane irin ciwo ne zai tsananta da rana tsaka ya lafa da asuba?

Ni ba likita ba ne, baduku ne, kuma ina da doka. Inda ya ci, nan ake ƙarawa. Na yanko tsohuwar tayar mota, kaurin ɗan yatsa, na fere ta, na ɗinke a bakin takalmin hagu da zare ruɓi biyu. Na ce mata, “Wanga ko ɗiyanki sai sun gada.” Har ina alfahari.

Kwana uku da sa shi ta faɗi a dokin ƙofar aji, gaban yara. Leɓe ya fashe, haƙori ɗaya ya ɓantare. Da yamma ta zo ba takalmi, ta riƙo su a hannu, baki a kumbure.

“Bagobiri, ashe da gaske kake so ka kashe uwargijiyarka ka samu ƴanci?”

Ita dariya take yi, ni ban yi ba. Bayan ta tafi na zura hannuna cikin takalmin, na ja shi a kan tsakuwa yadda ƙafarta ke yi. Roba ta cije ƙasa, ta tsaya cak. Na ɗauko wani tsohon faɗe mai ƙasan fata na ja, ya zame sumul. Sai a lokacin na gane. Ba danna ƙasa take yi da yatsu ba, ƙafar ce ba ta ɗagawa, jan ta take yi. Cinyewar da na gani ita ce ke ceton ta, fatar tana zamewa tana wucewa. Ni kuma na zo na sa mata birki. Dokar Kawu ta masu lafiyar ƙafa ce, kuma duk zamana da shi ban taɓa tambayarsa ba ko akwai ƙafar da dokar ba ta hau kanta.

Labarin faɗuwar ya kai Yamai. Wanta Sumana, ma’aikaci ne a can, ya zo da mota ya tafi da ita asibiti. Mako uku hanyar bayan kasuwa ba lugude. Ranar da ta dawo ta zo da wata babbar ambulan a hammata, ta zauna a kan bencin rumfa.

“An ɗauki hoton cikin kaina,” ta ce.

“Sun tarar da wani abu kuwa? Ni na ɗauka kan Bazabarme fanko ne.”

“Sun tarar da abin da ya fi na Gobir duka.”

Ta ba ni labarin injin. An kwantar da ita, an tura ta cikin wani rami kamar bututu, an ce kada ta motsa ko da ƙuda ya sauka a hancinta. Ta ce ƙararsa kamar maƙera goma suna aiki a ɗaki ɗaya, kowa da nasa kiɗan. Har ta kwaikwaya mini, dum-dum-dum, tarrr, dum-dum-dum. Sannan ta zaro wata baƙar takarda mai santsi ta ɗaga wajen rana. Na ga zane-zane a jere kamar an yanka goruba gida-gida. A cikinsu akwai fararen ɗigo-ɗigo, kamar an watsa tsaki a kan baƙar fata.

Sunan ciwon da Faransanci ne, sikileroz wani abu, harshena bai taɓa iya ƙarasa shi ba. Amma bayanin na gane. Ta ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga kai zuwa jiki kowace tana da riga, kamar wayar lantarki. Jikin mutum da kansa ne ke juyowa yana cin rigar nan wuri-wuri, kowane farin ɗigo tabon wurin da aka ci ne. In zafi ya yi, saƙon sai ya ƙara rikicewa a hanya. Na ce wannan ai zare ne da kakinsa ya goge, yana nan bai tsinke ba, amma ba ya shiga rami da daɗi. Ta ce haka nan ne, da ma ni aka ba farar rigar likita.

“To wanne ne na ƙafar hagu?” Na sa yatsa a kan mafi girma. “Wanga?”

“Na tambaya. Likita ya ce ba haka ake karanta shi ba. Wani yana da ɗigo da yawa yana gudu, wani kaɗan gare shi yana kwance.”

Sumana kuwa ƙidaya ɗigon ya yi, hankalinsa ya tashi. Ya ce ta bar aiki ta dawo gida Yamai, kusa da likita da magani. Suka yi ta ja. Daga ƙarshe ya sa mata sharaɗi: ta koma ajinta, amma ranar da ya ji ta sake faɗuwa, ranar zai zo ya kwashe ta, ba sauran magana. Saura shekara uku da ɗoriya yaran su kai jarrabawa.

Ta miƙo mini ƙafar hagu. “Ka ji dai. Kai ka kayar da ni, kai za ka tsayar da ni.”

Takalmin da na yi mata bayan wannan shi ne aikin da ya fi ba ni wuya a duk rayuwata, kuma ba gam ko ɗigo a jikinsa. Bakin na fere shi siriri, na jiƙa, na lanƙwasa shi sama a kan muciya kamar goshin kwalekwale, na bar shi ya bushe a inuwa kwana biyu. Ƙasan yatsu na sa fata zalla, na goge ta da gindin kwalba har ta yi sheƙi, don ta zame. Roba kuwa na mai da ita dunduniya kaɗai, inda ake son cizo. Sannan na ɗinka wani maɗauri mai faɗi da ke zagaye idon sawu, na yi masa shafi da fatar akuya mai laushi don kada ya ci mata jiki, tunda ba kullum take jin ciwo a wurin ba. Daga maɗaurin zuwa bakin takalmi na ɗaura robar cikin tayar keke, yadda in ta ɗaga ƙafa robar za ta ɗago mata yatsu. Na rufe robar da jar fata don kada ta yi kama da kayan asibiti.

Sau uku ina warwarewa. A ƙafata nake gwadawa, in saki ƙafar kamar matacciya, in yi ta zagaya tsakar gida. Matata Rabi ta ce in ba zan daina ba za ta kira mini malam, maƙwabta sun fara leƙe ta katanga. Na farko robar ta yi ƙarfi, na biyu ta yi sako-sako. Na ukun Madam ta taka tsakuwa, na rufe ido. Kas, tas. Kas, tas. Ba luguden da ba ne, amma shuu ɗin nan ya tafi.

Fata mai santsi ba ta daɗewa, duk wata huɗu ko biyar sai sabo. Tsohon na hagu ba na yarwa, a ƙusa nake rataye shi cikin rumfa, kowane a bayan wansa. Ita kuma ta sauya lokacin fita, tun rana ba ta yi ƙarfi ba take tasowa. Rumfata ce tsakiyar hanya, nan take yada zango. Rabi ta ajiye mata randa ta musamman a lungu, da ɗan ƙyalle da take jiƙawa ta ɗora a wuya. Kafin ruwan ya ratsa ta sai ta ciro alli ta rubuta mini baƙi ɗaya a jikin gungume. Ta ce ba za a ce bawanta jahili ne ba. Da haka na iya ɗan abin da nake rubutawa yau.

Sai ga muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Daga Abala har Bonkuku dabbobi suka yi ta faɗuwa. Fata ta cika kasuwa, tsibi-tsibi, kamar kyauta. Ku da ba ku sani ba za ku ce kakar dukawa ta yanke saƙa. To fatar saniyar da yunwa ta kashe ita ma matacciya ce. Majema su jeme ta da bagaruwa yadda ya kamata, ta fito da kyan gani, amma kana soka basilla ka ja zare sai ramin ya yage kamar takarda. Mutane kuma ba ta takalmi suke yi ba, wanda ya matsu ya sayi na roba. Dukawan layinmu suka watse, wasu Yamai, wasu Kwatano. Ni da ba na iya kwana a wani gari na zauna ina ɗinkin guga da linzamin jaki.

A shekarar nan maɗaurin Madam ya saki har sau biyu cikin wata ɗaya. Na biyun a gaban rumfata ne, Allah ya sa ta dafa gungume. Na bi majema kaf ban samu fatar da zan amince wa ba. Da na komo na dubi abin da nake zaune a kai. Ƙirgin Kawu ne, na bijimin da ya ƙoshi tun zamanin da ake ruwa, ya sha zama har ya yi baƙi yana ƙyalli. A kansa ya koya mini aiki, a kansa nake aiki tun rasuwarsa. Na auna shi da ido, na ga zai ba da maɗauri da ƙasan takalmi kamar biyar in an yi tattali. Na sa wuƙa. Tun daga ranar a kan buhu nake zama.

Farkon shekarar ƙarshe, kafin a buɗe lakwal, aka sake ɗaukar hoton kanta. Babu sabon ɗigo ko ɗaya. Sumana ya yi sadaka, labari ya iso Filinge cewa Madam ta warke, mata suka yi ta zuwa barka. Ita kuwa ta zo ta zauna a benci, ta sha ruwa, ba ta ciro alli ba.

“Hoto ya ce lafiya lau. Kai fa, me takalmi ya ce?”

Na yi kamar ina neman basilla.

“Baba Alu.” Ba ta taɓa kirana haka ba. “Kada ka yi mini ado.”

Na sauko da na hagun nan daga ƙusa, guda bakwai, na jera su a ƙasa, na kifa. Ko makaho ya shafa zai gane. Na farko bakinsa kaɗai ya ci. Na huɗu cin ya gangaro gefen waje. Na bakwai ya kai kusan tsakiya. Sannan na ce ta ciro na dama da ke ƙafarta. Na kifa shi kusa da su. A bakinsa akwai ɗan wuri kamar faɗin farce da ya fara sheƙi.

“Wata biyu ke nan ina jin shi,” na ce. “Ta dama ta fara.”

Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, “Zuba mini su a buhu.”

Da hutun tsakiyar shekara ta tafi da su Yamai. Ta ce da ta zazzage buhun a ofis, mai taimakon likita ya toshe hanci, amma likitan ya jera su a kan tebur yadda na jera, ya daɗe yana juya su. Ya sa ta yi tafiya a baranda, ta je ta dawo. Sannan ya ce a sake mai da ita cikin injin, amma wannan karon gadon baya za a ɗauka. Can aka same shi, cikin igiyar da ke bi ta ƙashin baya. Ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar wake ba.

“Ɗaya tak?” na ce.

“Ɗaya. Amma a mashigi ya zauna. Ka san ƙofar kasuwar dabbobi? Jaki goma su kwanta a fili ba wanda ya damu. Ɗaya ya kwanta a ƙofar, kowa ya tsaya.”

An sauya mata magani, an ce ta riƙe sanda. Kuma likitan ya ce a gai da baduku. Wannan gaisuwa har yau ina riƙe da ita.

Sandar ce ta ƙi. Ta ce yara za su je gida su ce Madam ta tsufa, iyaye su fara janye su. Na samo reshen aduwa miƙaƙƙe, na rufe shi da jar fata, na yi masa ado da kore da baƙi irin na kuben takobi, na sa tuntu a wuya, roba a gindi. Na ce, “Wagga ba sandar gurgu ba ce, ta sarauta ce. Bazabarma dai ba ta taɓa riƙe irinta ba.” Ta karɓa don ta rama zagin. Tafiyar ta koma uku: ƙwas, kas, tas.

Saura wata biyu jarrabawa, zafi ya kai inda ƙarfe ba ya taɓuwa, sai ga motar Sumana a bakin rumfata. Shi kaɗai ya fito. Ya gaishe ni da ladabi, ya ƙi zama.

“Baba, likita ya nuna mini hoton bayan. Na zo in tafi da ita. Ta ce in fara tambayarka. Ban san me baduku zai gaya mini da injin bai gaya mini ba.”

“Injin ya fi ni gani,” na ce. “Ni ban san abin da ke cikin bayanta ba. Amma hanyar nan daga ƙofarta zuwa aji, ni na san ta. Na san inda take tsayawa, na san taku nawa take yi kafin ƙafar ta fara ja.”

“Za ta faɗi?”

“Ta faɗi sau ɗaya, kuma ni na kayar da ita. Tun daga nan ba ta sake ba.”

“Ba jiya na tambaye ka ba, Baba.”

Na ɗauko ragowar ƙirgin Kawu, bai fi tafin hannu biyu ba, na nuna masa. Na ce wannan zai yi ƙafa biyu, hagu da dama, duka da roba, kuma za su kai ta wata biyu in ta fita da sassafe ta dawo bayan la’asar. Bayan wata biyu kuwa, ko da ina da fatar duniya, ba zan ce masa ta ci gaba da bin hanyar nan ba. Iyakar abin da na ji ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya dubi fatar, ya dubi ƙusar da babu komai a kanta. Ya ce, “Ranar da aka gama jarrabawa, da la’asar, ina nan.” Ya shiga mota.

Wata biyun nan ban je ko jana’izar nesa ba. Kowace safiya in share tsakuwar da ta gangaro hanya, in zauna. Ƙwas, tas, tas. Wata rana tsakanin taku da taku har sai na riƙe numfashi. In ta iso in kifa duka biyun, in duba zare, in ƙara goge bakin da kwalba. Ran jarrabawa ta wuce da yaranta a bayanta, cikin wankakkun kaya, sun rage sauri sun daidaita da ita, ba wanda ya wuce gabanta. Ba ta tsaya shan ruwa ba. Ta ɗaga sandar kawai ta ce, “Yi aikinka, bawa.”

Ba ta faɗi ba. Sumana ya cika alkawari, shi ma bai makara ba, da la’asar ya zo ya tafi da ita.

Shekaru sun shuɗe. Yaran nan wasu sun zama abin da suka zama, ɗaya ma tana aikin jinya nan garin, takan kawo mini takalmi. Madam kuwa labarinta sai a bakin direbobi. Na ji an ce tana kan keken guragu yanzu.

Bara wani direban motar Yamai ya miƙo mini ƙulli a baƙar leda. Takalman ƙarshen nan ne, na ƙirgin Kawu. Hannuna ya riga ni, na kifa su. Ƙasan yana nan kamar yadda na goge shi ranar ƙarshe, ba ƙwarzane ko ɗaya da ya ƙaru. Takalmin da ba ya taka ƙasa ke nan. Sai da na juyo su na ga saman. Duk ramukan ɗinki sun cike da farin gari, maɗaurin ma ya yi fari, ya bushe har ya tsage. Na lakata na shinshina. Alli ne, irin wanda ke zubowa daga allo ya sauka a ƙafar mai rubutu.

A cikin na hagu akwai ƴar takarda, da manyan baƙaƙe yadda zan iya karantawa: “Bawa, maɗauri ya tsage. Gyara maza, yaran unguwa na jirana a zaure.”

Na shafa masa man shanu, na sake ɗinki, na mayar ta hannun direban. Ƙasan ban taɓa shi ba, ba abin da zan ƙara a wurin.

To kun ji. Ku je ku yi ta manna gam ɗinku, amma in an miƙo muku takalmi ku kifa shi tukuna, kuma kafin ku ƙara a inda ya ci, ku tambayi abin da ya ci shi. Ni dai ina nan a kan buhuna. Rabi har yau tana cika randar lungu, ban hana ta ba. Da safe kuma in ina shimfiɗa kaya, in wani ya taso daga kwanar masallaci, sai in tarar hannuna ya tsaya da basilla a sama, har sai mai tafiyar ya wuce.